Zuwa Ga Injiniya Funke Opeke: Godiya Daga Samaru

Ranki ya daɗe,

 Ba ki san ni ba, ba mu taɓa haɗuwa ba, ban kuma taɓa sayen komai kai tsaye daga kamfaninki ba. Ni mai shagon kwamfuta ce a Samaru ta Zariya, uwar marayu, wadda abincin gidanta ya daɗe yana biyowa ta wayar da kika shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Tun da labari ya iso mana a ƙarshen 2024 cewa kin sauka daga shugabancin MainOne nake cewa zan rubuto, hidimar yau da gobe tana hana ni. A wurinmu ba a so mutum ya yi maka alheri ka yi shiru sai ranar ta'aziyyarsa ka buɗe baki. Yaba kyauta tukuici, kuma gara a yi shi mai kyautar yana ji.

Sai na faɗi yadda muke a da, don yaran yanzu da aka haifa da waya a hannu ba za su gane abin da nake gode wa ba.

Marigayi maigidana ne ya buɗe kafe a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fara buƙatar imel da neman takardun bincike. Intanet ɗinmu daga sama yake zuwa. Akwai wani ƙaton faranti a bayan shago da aka kafa a kan siminti, yana kallon tauraron ɗan'adam, kuma kuɗin hayar layin da dala ake lissafa shi, a biya wata-wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Muna sayar da tikiti na rabin awa, da na awa ɗaya, da na kwana ga masu son yin aiki da dare lokacin da layin ya ɗan sami sarari. Ɗalibi zai sayi rabin awa, ya buɗe akwatin saƙonsa na Yahoo, ya zauna yana kallon shafi yana buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama, kafin ya karanta wasiƙa biyu lokacinsa ya ƙare. Wanda zai sauke takarda mai hotuna kuwa sai ya tafi sallah ya dawo. In hadari ya haɗu da damina, sabis ya ɗauke ke nan, janareta na cin mai, mutane na zaune suna harararka. Da Allah ya yi wa maigidan rasuwa, shagon ya dawo hannuna da bashinsa da komai, ni da ban san komai ba sai buga takarda da fotokwafi. A nan na koyi cewa mai kafe ba shi da abokin gaba kamar ƙarshen wata.

Daga baya ne wani injiniya da ke gyara mana faranti ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dalilin nawar. Tauraron yana can sama da nisan kilomita wajen 36,000. Duk abin da ka danna sai ya hau can, ya sauko a wata ƙasa, amsar ta sake hawa ta sauko maka. Tafiya huɗu ke nan, kusan rabin daƙiƙa ta tafi a hanya kawai kafin a zo maganar cunkoso. Ga tsada, domin wurin da ke jikin tauraro kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Na tambaye shi, to Turawa fa, haka suke fama? Ya yi dariya ya ce su waya suke bi, zaren gilashi ne siriri da haske ke gudu a cikinsa, an shimfiɗa shi a ƙasan teku daga nahiya zuwa nahiya. Mu ma a lokacin muna da guda ɗaya, SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, amma a hannun NITEL ƙofarta take, kuma wanda ke da ƙofa ɗaya tilo shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. A watan Yulin 2009 wannan wayar ta samu matsala ta ɓangaren Jamhuriyar Benin, Najeriya ta yi asarar kaso mafi yawa na hanyarta zuwa waje, bankuna suka tsaya cik, 'yan'uwanmu na Nijar da Togo kuwa abin ya fi yi musu muni. Ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari tana rataye da igiya guda.

A wannan lokacin ke kina can kina fama da abin da mu ba mu ma san ana yi ba.

Na bi tarihinki a jaridu da hirarraki, na kuma karanta wa 'ya'yana shi fiye da yadda suke so. Kin tashi a Ibadan, kin yi makarantar 'yan mata ta Queen's School, kin karanci injiniyancin lantarki a jami'ar Ife wadda yanzu ake kira Obafemi Awolowo, a zamanin da mace a wannan aji abin a juyo a kalla ce. Kin wuce Jami'ar Columbia a birnin New York kin yi digiri na biyu, kin zauna a Amurka wajen shekara ashirin kina aikin sadarwa, har kin kai babbar darakta a sashen sari na kamfanin Verizon. A 2005 kika tattara kika dawo gida, kika zama shugabar sashen fasaha ta MTN Najeriya, shekara huɗu kacal bayan wayar salula ta shigo ƙasar a 2001. Bayan nan kika ba kamfanin Transcorp shawara a cinikin NITEL, har kika riƙe ragamar gudanarwar NITEL ɗin na ɗan lokaci.

Wannan zama na NITEL shi na fi tsayawa a kai duk lokacin da nake tunaninki. Kin shiga cikin gidan da ke riƙe da makullin, kin ga da idonki abin da ya hana ƙofar buɗuwa. Mun san mutane da yawa, har a cikin danginmu, da suka dawo daga waje da niyyar gyara, suka ga yadda abubuwa suke, suka kaɗe rigarsu suka koma, kuma ban ga laifinsu ba. Kina da takardunki, kina da sanayya, da kin koma New York ba wanda zai ce kin gaza. Sai kika zauna kika ce tunda ƙofar gwamnati ta ƙi buɗuwa, za ki fasa wata.

A 2008 kika kafa kamfanin. Wanda ya tuna wannan shekarar ya san ba lokacin neman kuɗi ba ne: manyan bankunan Amurka da Turai suna rushewa, kasuwar hannun jari ta Legas tana zubewa, masu kuɗi sun ƙulle aljihu. A cikin wannan yanayi kika fita neman dala miliyan 240 don aikin da ba wani ɗan kasuwa mai zaman kansa da ya taɓa yi a Afirka ta Yamma. An ruwaito cewa ajiyarki ta shekaru kika fara zubawa a binciken farko da neman lasisi, kafin wani ya yarda ya sa ko kwabo. Daga baya irin su Fola Adeola, wanda yana cikin waɗanda suka kafa bankin GT, da hukumar Africa Finance Corporation, da Bankin Raya Afirka suka shigo. Ni da na sha zaman jiran manajan banki a kan rancen da bai kai kuɗin tsohuwar mota ba, na san kallon da ake yi wa mace in ta zo da takarda tana maganar bashi. Nakan ninka wannan kallon a raina in kwatanta ɗakunan da kika shiga.

A watan Yulin 2010 aka kunna wayar. Kilomita 7,000 daga Fotugal, ta tsaya a Accra, ta sauka a Legas. Jirgin ruwa ne ke tafe a hankali yana sauke ta zuwa ƙasan teku, kusa da gaɓa a binne ta saboda ƙugiyar jirage da komar masunta, a kan hanya kuma akwai na'urori jefi-jefi da ke ƙara wa hasken ƙarfi don kada ya dusashe kafin ya isa. Ba wanda ke ganin wannan aiki. Ba a yanka masa kintinkiri a unguwa, ba shi da allo a bakin titi. Shi ya sa har yau in na ambaci sunan MainOne a Samaru, sai a tambaye ni ko sabon layin waya ne.

Yadda nake yi wa matan da nake koya wa kwamfuta bayani shi ne da Kantin Kwari. Mai tallan atamfa da ke shigowa gida-gida, shi kowa ya sani, da shi ake ciniki, shi ake zagi in kaya ya yi tsada. Amma farashin ba a hannunsa yake ba, yana hannun mai dila da ke shigo da kwantena. In dilan guda ɗaya ne a kasuwa, kowa ya shiga uku. Ranar da na biyu ya buɗe rumbunsa, farashi ya sauka tun daga Kwari har ƙauyen da ya fi kowane nisa, ko da matar da ta sayi turmin ba ta taɓa jin sunansa ba. Kamfanonin waya da bankuna da masu raba intanet su ne masu tallan, ke ce dila ta biyun.

Ban manta ba cewa ba ke kaɗai ba ce. Glo ta kunna tata wayar a 2010, WACS da ACE suka biyo baya a 2012, ta Google mai suna Equiano ta sauka a Legas a 2022. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma sauran duk manyan kamfanoni ne masu layukan waya ko dukiyar da za su jingina da ita, ko gamayyar ƙasashe. Ke ba ki da layi ko ɗaya, ba ki da masu saye da ke jiranki a hannu, sai takardar lissafi da abin da kika sani. Kuma wayarki a buɗe take ga duk mai son saye, ba a gina ta don a fifita kamfani ɗaya a danne saura ba. Wannan shi ne abin da ya karya farashin sari.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya, ko ya ba ki tausayi: aikinki shi ya kashe mini kafe.

Ba a rana ɗaya ba. Da farko murna muka yi, don mun sauke farantin nan mun koma layin ƙasa mai sauƙin kuɗi, shafi yana buɗewa kafin ka ɗauke hannu daga linzami. Sai data ta fara araha a waya. BlackBerry ta zo, wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suka biyo ta, ɗalibin da ke sayen tikitin kwana ya koma kwance a ɗakinsa yana yin abin da ya kawo shi wurinmu. Kujeru suka fara zama babu kowa. Kafe-kafen da ke layinmu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma sayar da caja da murfin waya, wani ya koma gidan kallon ƙwallo. Akwai watannin da na zauna ina lissafin ko in sayar da kwamfutocin in kama sana'ar ɗinki. Da a lokacin aka ce mini ga matar da ta jawo wannan, ban san irin gaisuwar da zan yi miki ba.

Abin da ya cece ni shi ne wannan arahar dai. Da intanet ya wadata, sai komai ya koma kansa: rajistar jarrabawa, duba sakamako, neman gurbin karatu, neman aiki, biyan kuɗin makaranta, takardun bautar ƙasa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Sai ga yara daga Giwa da Shika da Hunƙuyi da Kudan, masu ƙoƙari a aji, waɗanda ba su taɓa ɗora hannu a kan linzami ba, kuma makomarsu ta rataya a kan awa biyu a gaban allon kwamfuta. Na mai da shagon wurin koyo. Yaro ya zo ya saba da maɓallai, ya yi gwaji, hannunsa ya daina rawa. Da rana tsaka, lokacin da yara ke makaranta, na buɗe aji na matan aure zalla, da labule a ƙofa, don mazajensu su sami natsuwar barinsu. Cikinsu akwai mai turaren wuta da humra da yanzu take aika kaya Abuja da Fatakwal, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, a yi mata taransifa, ta kai tasha. Akwai mai dambun nama da ke da masu saye har a Yamai. Akwai wata dattijuwa da ba abin da ya kawo ta sai ta koyi kiran bidiyo, don ta riƙa ganin jikokinta da ke Madina. Ba ɗaya daga cikinsu da za ta iya wannan a farashin zamanin faranti. Da kuɗin wannan ajin na biya bashin da maigidan ya bari, na yi wa ɗakunanmu rufi, na aurar da ƙanwarsa da ke hannuna.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar 'yar farina, wadda kin san mu ba ma kiran sunanta.

Yarinyar ta tashi a cikin shago, tana rarrafe tsakanin wayoyi. Tun tana firamare take kwance bayan kwamfuta ta hura ƙura ta mayar. Da ta gama sakandare ta ce injiniyancin kwamfuta za ta karanta. Baffanta, yayan mahaifinta, wanda shi ne waliyyinta kuma mutumin kirki ne da bai taɓa barin mu da yunwa ba, ya ce a'a. Ba don ƙin karatu ba, 'ya'yansa mata duk sun yi. Shi dai a ganinsa mace ta yi koyarwa ko jinya, aikin da za ta yi ta dawo gida da wuri, kuma aka san mata a cikinsa. Injiniya, in ji shi, aikin hawa falwaya ne da yawon daji da maza. Ya tambaye ni, a gaban mutane, in nuna masa mace ɗaya a ƙasar nan da ta yi wannan karatu ta zama wani abu.

Ban yi gardama a wurin ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Na koma shago na firinta labarinki, da hotonki, da taswirar wayar tun daga Fotugal, na ba ƙanena ya kai masa bayan sallar isha'i. Na ce a gaya masa, Yaya, taransifar da kake yi wa masu kawo maka masara daga Saminaka, ta kan aikin wannan baiwar Allah take bi. Baffa ɗan kasuwa ne, kuma abin da ya kama shi ba digirin Columbia ba ne. Dala miliyan 240 ɗin ce, da cewa masu kuɗi sun damƙa wa mace ita kuma ta kai aikin gaci. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a ce wa yarinyar ta cike fom ɗin, Allah ya sa albarka. Har yau in ya gan ta sai ya ce, ina mai wayar teku?

Ba ki san kin shiga wannan shari'a ba, amma ke kika yi mana shaida. Nasihar da ake yi a taruka cewa mata za su iya komai ba ta taɓa motsa Baffa ba, ya sha jin ta a rediyo. Aikin da aka gama, wanda yake amfani da shi kullum, shi ya motsa shi.

Karatun nata ya haɗu da dogon yajin aikin malaman jami'a na 2020, wanda ya zo tare da kullen korona, da kuma na 2022. Watannin da aka yi a gida ba ta zauna ba. Ta bi darussan rubuta manhaja a YouTube, awa da awanni na bidiyo, abin da a zamanin mahaifinta kuɗinsa zai sayi fili. Yanzu tana aiki da wani kamfani da ke Legas daga ɗakinta a nan Samaru, ana biyan ta a ƙarshen wata, ba ta hau falwaya ba, ba ta kwana a daji ba. Ita ta saya mana sola, janareta ya huta.

Tunda godiya ta gaskiya nake yi, ba zan ɓoye miki ƙorafinmu na Arewa ba, ko da yake na san kin riga ni saninsa. Wayar ta sauka a Legas, kuma a can ta fi yin amfani. Mun ga abin da ya faru a Yaba, inda kamfaninki ya haɗa hannu da cibiyar CcHub da gwamnatin jihar aka shimfiɗa faiba a unguwar, matasa suka taru suna kafa kamfanoni, har mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya zo da ƙafarsa a 2016. Mun ga cibiyar adana bayanai ta MDXi da kika buɗe a Lekki a 2015. Mun ji an miƙa wayar zuwa Dakar da Abidjan a 2019. Mu kuwa da ke nesa da teku da kilomita ɗaruruwa, an daɗe ana cewa kawo intanet daga Legas zuwa Arewa ya fi kawo shi daga Landan zuwa Legas tsada. Dalilan ba a ɓoye suke ba: kuɗin izinin haƙa da jihohi ke caza a kan kowace mita, masu aikin titi da ke tsinke waya da katafila, ɓarayi, rashin wuta, ga rashin tsaro da ya sa a 2021 aka rufe sabis ɗungurungum a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da jiharmu ta Kaduna. An yi matsaya cewa kuɗin izinin haƙan ya zama naira 145 kowace mita, jihohi da yawa suka yi biris da ita. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, kuma mun ga bambanci a cikin gari, amma ƙauyukan da yaran ajina ke fitowa har yanzu akwai inda sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis.

Na san ba ki juya wa wannan baya ba, don ke kika shugabanci kwamitin da ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya kafa, wanda ya tsara shirin ƙasa na intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025. Na karanta burin da kuka sa: ya kai ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a, gudunsa ya kai megabit 25 a birni da 10 a karkara, gigabait ɗaya kada ya wuce naira 390. Takarda ta yi kyau. Aiwatarwa ba a hannunki take ba, kuma wanda ke sayen data ya san inda aka kwana a kan maganar farashi. Ban ɗora miki wannan ba. Na faɗa ne don kada a ce matar Samaru ta yi godiya kamar komai ya kammala.

Ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, muka ɗanɗana rayuwa ba tare da aikinki ba. Wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da gaɓar Kodebuwa, taki da WACS da ACE da tsohuwar SAT-3. Manhajojin banki suka ƙi buɗewa, masu POS suka rungume hannu, mutane na tsaye a gaban mai kayan miya da kuɗi a asusu babu na cefanen buɗa-baki. Ajina ya tashi babu karatu. A ranar na ji mutanen da ba su taɓa sanin akwai waya a teku ba suna tambayar wa ya sa ta, wa zai gyara. An karkatar da hanya ta wasu wayoyin cikin 'yan kwanaki, gyaran kansa ya ɗauki makonni, sai da jirgi na musamman ya zo ya ciro wayar daga ƙasan ruwa aka ɗinke ta. Na lura da wani abu da ya bambanta da 2009: wannan karon akwai wasu hanyoyin da za a bi. Kasuwar da kika buɗe ce ta jawo su.

Saura maganar sayarwa, wadda aka yi ta muhawara a kai har a shagona. A ƙarshen 2021 aka sanar cewa kamfanin Equinix na Amurka zai sayi MainOne a kan dala miliyan 320, aka kammala cinikin a 2022. Wani malamin jami'a da ke zuwa firinta takardu a wurina ya ce abin kunya ne, abu ɗaya da 'yar ƙasa ta gina da ya kai a nuna, an miƙa wa baƙi. Na fahimci zafinsa, don ni ma da na ji sai da gabana ya faɗi. Amma ni 'yar kasuwa ce, ko da ƙarama. Waɗanda suka ba ki kuɗinsu a 2008 ba sadaka suka yi ba, kuma in ba su ga riba ba, mace ta gaba da za ta shiga ɗakin nan da takardarta ba za a ko ba ta kujera ba. Wayar tana nan inda take, ba a naɗe ta an kai Amurka ba, injiniyoyin da kika horar suna nan. Abin da zan so, kuma a nan na yarda da malamin, shi ne a ce a cikin masu kuɗinmu akwai wanda ya isa ya saya ya kuma ga darajar sayen. Muna da attajirai a Kano da Legas da za su iya. Hankalinsu bai kai can ba, wannan kuwa ba laifin mai sayarwa ba ne.

Wani zai ce, to ai kasuwancinta ta yi, ta ci ribarta, godiyar me? Haka wata ƙawata ta ce da na gaya mata zan rubuto. Na ce mata likitan da ya yi mini aiki ma an biya shi albashi, ban fasa yi masa addu'a ba. Hanyoyin samun kuɗi a ƙasar nan suna da yawa ga mai irin sanayyarki, kuma mafi yawansu sun fi wannan sauƙi da saurin riba: kwangila, shigo da kaya, kujerar gwamnati. Kika zaɓi mai wuya, wadda sai an shekara biyu ana kashewa kafin a ga kwabo, wadda kuma amfaninta ke gangarowa har kan wadda ba ta san sunanki ba.

Matan ajina sun ce in isar da gaisuwarsu. Mai turaren wutan ta ce in tambaya inda za a aika miki da kwalba ɗaya, ta haɗin Barno, ba ta sayarwa ba. Baffa ya ce a gaishe ki da kyau. Yarinyar kuwa kunya ta hana ta cewa komai, amma ita ta duba mini shekarun da na rubuta a nan, ta kuma ce in gaya miki tana nan tana karanta yadda ake gina cibiyar adana bayanai, don a ganinta Kano ko Kaduna ta isa ta sami babba irin ta Lekki.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa hutun da kika samu ya zama mai albarka. In wata hidima ta kawo ki jami'a a Zariya, shagon yana kan layin da ke fuskantar babbar ƙofa, ajin mata yana tashi kafin la'asar.

Taki mai godiya,
Mai shagon kwamfuta, Samaru, Zariya